Sharhin Bayan Labarai: Ma'aunin Ilimi a Fagen Binciken Cutar Karkarwa



Ranar 11 ga watan Afrilu na kowace shekara rana ce da likitocin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, da majinyatansu, da iyalan da ke ɗawainiya da su, suka keɓe a ko'ina cikin duniya domin tunawa da cutar nan mai sa karkarwar gaɓoɓi da sandarewar jiki da nawar motsi, wadda aka fi sani da cutar Parkinson. Duk wanda ya ga marigayi Muhammad Ali, gwarzon damben duniya, ranar da ya kunna wutar wasannin Olamfik a birnin Atlanta cikin shekarar 1996, hannunsa na kaɗawa, fuskarsa a daskare, to ya ga wannan cuta ido da ido. Da yake kuwa an zaɓi ranar ne saboda ita ce ranar haihuwar mutumin da ya fara siffanta cutar a rubuce, sai muka ga ya dace sharhinmu na yau ya bi sawun malaman da suka ƙarar da rayuwarsu cikin tahakikin wannan lalura, sa'an nan ya tsaya a kan wata mas'ala da ta dami jami'o'i a wannan zamani, wato da wane ma'auni ake bambance malamin da bincikensa ya yi tasiri da wanda ya tara takardu kurum.

Shi dai James Parkinson, wanda aka haifa a shekarar 1755, ba shaihin wata jami'a ba ne. Likitan unguwa ne a wani yanki na gabashin birnin Landan, yana duba talakawa, yana haɗa magani, in ya sami sarari kuma ya shiga nazarin duwatsu da burbushin halittun da suka shuɗe. A shekarar 1817 ya wallafa wata 'yar risala mai shafi 66, wadda ya gina ta a kan mutum shida kacal, uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su suna tafiya, ɗaya daga cikin ukun nan kuwa daga nesa ya hange shi bai ko yi magana da shi ba. Amma saboda kaifin idonsa da haƙurinsa wajen lura, sai ya tattara alamomin da a da ake ɗauka kowace da sababinta daban, irin su rawar hannu a lokacin da mutum yake zaune bai ɗauki kome ba, da sunkuyawar jiki gaba, da 'yar sassarfar nan da majinyaci kan yi kamar zai kifa, ya nuna cewa dukansu rassa ne na illa guda, mai farawa a ɓoye, mai ƙaruwa sannu a hankali cikin shekaru. Ya rasu a shekarar 1824, alhali risalarsa ba ta yi wani tashe ba, kuma da a ce akwai masu ƙidayar ambato a wancan lokaci, da ba su sami abin kirki da za su rubuta a gaban sunansa ba.

Sai da aka yi kimanin shekara 50 sa'an nan wani babban malamin likitanci na Faransa, Jean-Martin Charcot, wanda ke karantarwa a asibitin Salpêtrière na birnin Paris, ya ɗauko wannan risala ya yi mata abin da malamanmu kan yi wa littafin magabata, wato sharhi da ta'aliki da gyara. Ya tabbatar da abin da ya inganta a cikinta, ya ƙara da bayanin sandarewar gaɓoɓi da nawar motsi, ya faɗakar da cewa akwai masu cutar da ba sa karkarwa ko kaɗan, sa'an nan, bisa adalci irin na ma'abota ilimi, ya jingina sunan cutar ga wancan likitan unguwa na Ingila wanda bai taɓa gani ba. Daga nan aka shiga neman mazaunin illar a cikin ƙwaƙwalwa, har zuwa shekarar 1919, lokacin da wani matashin likita ɗan Rasha mai suna Konstantin Tretiakoff, a cikin kundin digirinsa a Paris, ya nuna cewa wani ɗan baƙin wuri da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa yakan koɗe ya rasa ƙwayoyinsa a jikin waɗanda suka rasu da wannan cuta. An san wurin ke nan, amma ba a san abin da wurin ke yi ba, balle a yi zancen magani.

A shekarar 1957 ne wani masanin magunguna ɗan Siwidin, Arvid Carlsson, a jami'ar Lund, ya ba zomaye wani magani da ya sa suka kwanta laƙwas ba sa iya motsi, sa'an nan ya yi musu allurar wani sinadari da ake kira lebodofa, ba da daɗewa ba suka miƙe suka ci gaba da harkarsu. Daga wannan tajriba da waɗanda suka biyo bayanta ya kafa hujja cewa sinadarin dofamin, wanda jiki ke sarrafawa daga lebodofa, manzo ne mai zaman kansa da ke kai saƙon motsi tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A shekarar 1960 kuma Oleh Hornykiewicz da abokin aikinsa Herbert Ehringer, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, suka auna ƙwaƙwalen mutanen da suka rasu da cutar, suka tarar dofamin ya yi ƙaranci ƙwarai a sashen da ke sarrafa motsi. Shekara guda bayan haka Hornykiewicz da likita Walther Birkmayer suka yi wa majinyata allurar lebodofa, aka ga waɗanda suka daɗe a kwance sun tashi sun yi tafiya, ko da yake na ɗan lokaci ne. Wanda ya kammala aikin shi ne George Cotzias, haifaffen ƙasar Girka da ke aiki a Amurka, wanda a shekarar 1967 ya nuna cewa in aka ba da maganin ta baki, aka riƙa ƙara shi kaɗan kaɗan har ciki ya saba da shi, majinyaci zai samu sauƙi mai ɗorewa. Hikimar abin ita ce, dofamin kansa ba ya iya ƙetare shingen da Allah ya sanya tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, amma lebodofa yana ƙetarewa, in ya shiga kuma sai ƙwaƙwalwa ta mayar da shi dofamin. Daga risalar 1817 zuwa maganin 1967 shekara 150 ke nan cif, ta hannun mutanen ƙasashe dabam dabam waɗanda da yawansu ba su taɓa haɗuwa ba.

To, jama'a, wannan doguwar silsila ita ta kawo mu ga mas'alar ma'auni. Al'adar masu binciken kimiyya ce duk wanda ya wallafa maƙala ya jera a ƙarshenta sunayen maƙalun da ya dogara a kansu, kuma wanda ya yi karatun zaure ba zai ga wannan baƙon abu ba, domin ya yi kama da isnadi, inda mai riwaya yake faɗin daga wa ya karɓa, shi ma wancan daga wa, don mai sauraro ya san asalin magana da ƙarfinta. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ya ga cewa in aka tattara waɗannan ambato aka ƙidaya su, za a iya gane maƙalar da malamai suka fi komawa gare ta, sai ya fara fitar da kundin ƙidayar ambato a shekarar 1964. Daga nan aka samu ma'aunin darajar mujallu. A shekarar 2005 kuma wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro wani lissafi mai sauƙi na auna malami, wanda a cikinsa mai lamba 20 shi ne wanda yake da maƙala 20 da aka ambaci kowacensu aƙalla sau 20. Ba mu musun fa'idar wannan lissafi. Maƙalar da Margaret Hoehn da Melvin Yahr suka fitar a shekarar 1967, bayan sun nazarci majinyata sama da 800 a birnin New York, suka kasa cutar mataki biyar, tun daga wanda gefe guda kaɗai ya kamu har zuwa wanda ya koma kan gado, tana cikin maƙalun da aka fi ambata a wannan fanni, kuma ta cancanci haka, domin har yau da matakan nan biyar likitoci ke fahimtar juna a kowace nahiya.

Amma fa ƙidaya ba ta ganin kome da kome. Maƙalar Hornykiewicz ta 1960 da Jamusanci aka rubuta ta, a lokacin da Turancin Ingilishi ya fara mamaye harshen kimiyya, kuma an ɗauki lokaci ana kokwanto a kanta. Sa'ad da aka ba Carlsson lambar yabo ta Nobel a shekarar 2000 tare da wasu malamai biyu, ba a sa Hornykiewicz ba, har masana ƙwaƙwalwa fiye da 200 suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa suna nuna rashin gamsuwarsu. Haka nan a shekarar 1982, wani likita a jihar Kalifoniya, William Langston, ya ci karo da wasu 'yan tsirarun matasa masu shan ƙwaya da suka sandare cikin 'yan kwanaki kamar tsofaffin da suka shekara da cutar. Da ya bi diddigi sai ya tarar wani gurɓataccen sinadari ne a cikin abin da suka yi wa kansu allura ya kashe musu wannan baƙin wuri na ƙwaƙwalwa, kuma daga waɗannan 'yan mutane aka samu hanyar kwaikwayon cutar a jikin dabbobi, aka kuma fara tuhumar gubar muhalli, musamman wasu magungunan feshi na gona. Irin wannan aiki lura da majinyaci ne ya haife shi, kuma babu lissafin da zai hango shi kafin ya faru. Ga shi kuma tun da jami'o'i suka mai da yawan maƙalu sharaɗin ƙarin girma, sai aka samu masu yanka bincike guda gida uku don su ƙara adadi, da masu ambaton juna bisa sabo, da mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga kowane irin rubutu ba tare da tacewa ba; mujallun ƙwarai kuwa wasunsu kan nemi dubban daloli kafin su buɗe maƙala ga kowa, abin da ya fi ƙarfin albashin malamin jami'a a ƙasashenmu. Saboda irin waɗannan illoli ne wasu masana da editoci suka haɗu a birnin San Francisco a shekarar 2012, suka fitar da sanarwa cewa a daina auna malami da darajar mujallar da ya buga a cikinta, a koma duba abin da binciken kansa ya ƙunsa.

In muka waiwayo gida Najeriya, akwai mutumin da tarihinsa ya ishe mu misali, wato marigayi Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, wanda aka haifa a 1935 ya rasu a 1995. Ya lura da wasu talakawa a yankin kudu maso yamma masu tafiya suna tangaɗi, ƙafafunsu sun mutu, ganinsu da jinsu sun raunana. Maimakon ya tsaya a kan abin da littattafan Turai suka faɗa, sai ya bi su har garuruwansu, ya duba abincinsu, ya auna jininsu, ya kafa hujja cewa lalurar tana da alaƙa da gubar sayanayid da ke cikin rogon da ba a jiƙa aka sarrafa shi yadda ya kamata ba, ga mutanen da rogo ne cimarsu safe da yamma. Daga baya shi da abokan aikinsa suka bi gida gida a garin Igbo-Ora suna ƙidayar masu cututtukan jijiya, aka kwatanta natijar da ta wani yanki na jihar Mississippi a Amurka, aka buga a shekarar 1988, inda aka ga cewa cutar Parkinson ta fi yawa kusan ninki biyar a cikin baƙaƙen fatar Amurka bisa ga mutanen Igbo-Ora, alhali da yawan waɗancan daga Afirka ta Yamma aka kwashi kakanninsu. Wannan ya nuna wa duniya cewa jinsi kaɗai bai isa ya bayyana cutar ba, dole a dubi muhalli da yanayin rayuwa.

Zancen gado ma bai tsira daga wannan darasi ba. Tun daga shekarar 1997, da aka gano ƙwayar gado ta farko mai jawo cutar a cikin wani babban dangi 'yan asalin kudancin Italiya, akasarin binciken da aka yi a kan Turawa aka yi shi. An gano wani sauyi a ƙwayar gadon da ake kira LRRK2, wanda ake samu a jikin kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyata Larabawa da Barbar na Afirka ta Arewa, amma da aka neme shi a cikin majinyatan Najeriya ba a same shi ba, wanda ya nuna cewa ko a cikin nahiya guda ba a yi wa wata al'umma ƙiyasi da wata. Sai a shekarar 2023, wata ƙungiyar likitocin jijiya daga asibitoci da yawa na sassan Najeriya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas, tare da abokan aiki a Landan da Amurka, suka wallafa a mujallar Lancet Neurology cewa sun gano wani sauyi a ƙwayar gado ta GBA1 wanda ya kusan keɓanta ga masu tsatson Afirka, kuma wanda ya gaje shi daga ɗaya cikin iyayensa haɗarin kamuwarsa ya ƙaru da kimanin rabi, wanda ya gaje shi daga duka biyun kuwa ya ninka fiye da sau uku. Abin lura a nan shi ne, kafin a kai ga wannan natija sai da likitoci suka shafe shekaru suna rubuta sunayen majinyata a rajista, suna ɗibar jini, suna neman iznin iyalai, aikin da ba ya jawo ambato ko lambar yabo a ranar da ake yin sa.

Saura ƙarshen silsila, wato majinyacin kansa, kuma a nan ne lissafin ya fi yin rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 masu wannan cuta sun haura miliyan 8.5, kuma adadin ya ninka cikin shekara 25. Lebodofa haɗe da abokinsa kabidofa yana cikin jerin magungunan da hukumar ta ce wajibi ne kowace ƙasa ta tanada. Duk da haka a ƙasashen Afirka da dama ba a samun likitan jijiya ko ɗaya ga mutum miliyan guda, maganin kuma ko dai babu shi a kemis, ko kuwa kuɗinsa ya gagari mai shi, alhali abu ne da ake sha kullum har iyakar rai. A garuruwanmu da ƙauyukanmu dattijo kan fara rawar hannu, rubutunsa ya ƙanƙance, muryarsa ta yi ƙasa, ya riƙa jan ƙafa, hannunsa guda ya daina lilo in yana tafiya, sai a ce ai tsufa ne, wasu su ce sammu, wasu su ce iska, a yi ta yawon neman magani har dukiya ta ƙare, ba wanda ya gaya wa iyalin cewa akwai ƙwayar da aka sani fiye da shekara 50, wadda ko da ba ta warkar da cutar ba, tana iya mayar da shi masallaci da kasuwa na tsawon shekaru. Masu hali a Turai har tiyata ake yi musu a dasa waya cikin ƙwaƙwalwa, hanyar da Alim-Louis Benabid ya fara a birnin Grenoble na Faransa a shekarar 1987, mu kuwa har yanzu a matakin gane cutar muke fama. Shi ya sa binciken da wasu likitocin Italiya suka yi da abokan aikinsu a Bolibiya da Gana a kan 'ya'yan karara, waɗanda tun a shekarar 1937 masanan Indiya suka tabbatar akwai lebodofa a cikinsu, ya cancanci a sa masa ido. Sai dai muna jan kunne ƙwarai, kada wani ya ji wannan ya tafi daji ya ɗebo, domin ƙarfin sinadarin yakan bambanta daga iri zuwa iri, kuma shan sa ba bisa awo da kulawar likita ba yana iya jawo amai da jiri da ruɗewar hankali.

Malamanmu na da sun bambance ilimi mai amfani da wanda ba shi da amfani, kuma ba su taɓa sanya yawan mujalladai ya zama dalilin fifiko ba. A ganinmu wannan rarrabewa ita ya kamata hukumomin jami'o'inmu su dawo da ita cikin ma'auninsu: in za a ƙara wa likita malami girma, a ƙidaya maƙalunsa da ambatonsa, babu laifi, amma a haɗa da tambayar almajirai nawa ya yaye da ke duba marasa lafiya a yau, wace rajista ya kafa da za a dogara a kanta bayan ransa, wane jagora ya rubuta wa ma'aikatan ƙananan asibitoci don su gane cutar tun da wuri, kuma ko ya taɓa zama ya bayyana wa jama'a abin da ya gano da harshen da suke ji. Gwamnatoci kuma, waɗanda a shekarar 2022 suka amince a taron lafiya na duniya da wani shiri na shekara 10 a kan farfaɗiya da sauran cututtukan jijiya, alƙawari ya hau kansu na su sa lebodofa cikin inshorar lafiya, su sauƙaƙa shigo da shi, su kuma ba da kuɗin binciken da za a yi a kan mutanenmu, a ƙasarmu, ta hannun 'ya'yanmu.

Ku kuwa masu sauraro, wanda duk yake da dattijo ko dattijuwa a gida da ya ga waɗannan alamomi a jikinsu, ya daure ya kai su babban asibiti, ya nemi a haɗa su da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, domin ba kowace karkarwa ce cutar Parkinson ba, wata ma wasu magunguna ne ke jawo ta, likita kuma shi zai rarrabe. In an nemi izninku a sa su cikin rajistar bincike, ku yi tambaya har ku gamsu, in kun gamsu ku ba da haɗin kai. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.